Mai Shan Rabon Matattu

A zamanin da Dakoro ba ta wuce 'yan bukkoki da rumbuna ba, tun Nasara bai san hanyar ƙasar nan ba, an yi wani maginin rijiya ana ce da shi Jimrau. Wanda bai san arewacin Maraɗi ba zai ɗauka ginar rijiya aikin kowa ne. To a nan ruwa ba ya kusa. Sai an zura mutum da igiya har bakin rijiyar ya koma masa kamar faifai, sannan ya fara jin sanyin ƙasa a tafin ƙafa. Shi ya sa magina suke da daraja. Fulani da Buzaye har akuya suke yanka musu, manoma kuwa in sun hango su tafe da dagi a kafaɗa sai a fara dama fura.

Su biyar ne suke aiki tare. Sallau shi ne babba, shi ya koya wa sauran, sai Arzika, sai Mamani, sai Hamma, Jimrau ne autansu. Musulmi ne dai, amma irin na bakin daji, masu sallah daga idi sai idi. Giya kuwa suna sha, ba su taɓa ɓoyewa ba. Sai dai a lokacin tana da ranarta. Ranar da dagi ya taɓa ruwa, mai rijiya ya sa a dafa musu tukunya guda ta gero, kowa ya sha ƙoƙonsa, a yi waƙa, gari ya waye a koma fura. Rijiyar ƙasar nan kuwa ba a gama ta a wata ɗaya. A shekara in sun sha sau biyu sun sha da yawa.

Wani rani suna gina wa wasu makiyaya rijiya a hanyar Azagor, ƙasa ta riga ta fara fitowa a jiƙe, an ma ɗora giyar murna, sai bango ya rufta da Arzika. Da suka tono shi bakinsa cike yake da rairayi. Bayan an rufe shi suka zauna jugum-jugum, ga tukunya ta nuna, ga ƙoƙuna biyar, mutane huɗu. Mamani ne ya fara magana. Ya ce Arzika da ƙishirwa ya mutu, tsakaninsa da ruwa bai fi kamu ɗaya ba, don haka ba za a kife ƙoƙonsa ba. Sallau ya ce to a cika shi a zuba a ƙasa da sunansa, a wuce wurin. Mamani ya harzuƙa. Ƙasar da ta cinye musu ɗan'uwa, ita kuma za a shayar? Rabon Arzika ta maƙogwaron 'yan'uwansa zai bi, ba ta wani wuri ba. Kuma tunda mamaci ba shi da ranar murna, ƙishirwarsa ta kullum ce, shan ma na kullum ne. Duk wanda ya riga tafiya, waɗanda suka rage su ɗauki rabonsa.

Maganar baƙin ciki ce, da an bar ta ta kwana da ta huce. Amma a nan take suka dafa ƙoƙon suka rantse, Mamani da Hamma da Jimrau. Sallau ya ce shi kam ba ya ciki. Suka kira shi marar zumunci, suka ce dama ba ya ƙaunar Arzika. Jimrau, wanda Sallau ya koya wa ɗaurin igiya da hannunsa, shi ya fi kowa zaƙewa, har ya tofar da yawu a sawunsa. Sallau ya tashi. Ya ɗauki daginsa ya yi kudu, daga baya aka ji ya zauna Kornaka.

Daga nan gindin wani gawo da ke yamma da rijiyar Dakoro ya zama wurinsu. Kullum in rana ta yi sanyi, wata mai dafa giya da ake kira Mata takan kawo musu tulu ta aje. Kowa ya sha nasa, sannan a cika na Arzika a zagaya da shi, a kira sunansa. Da fari abin gwanin daɗi. Ana hira, ana tuna yadda Arzika yake minshari, ana dariya har da hawaye. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, suna ginarsu suna shansu, ba wanda ya ga wata illa. Ita giya ba ta da gaggawa.

Mamani ta fara kamawa. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwar rawaya. Ƙafafu suka kumbura, hannuwa suka tsotse, ciki ya yi gaba kamar tulu. Tuwo ya fita daga ransa, amma ko a kwance sai an kai masa ƙoƙonsa, don kada alkawari ya faɗi. Wata safiya ya yi aman jini, kafin azahar an gama. Mutanen gari suka ce Arzika ne yake kiran abokansa. Hamma ya yi dogon tunani a kan wannan magana, ya fito da hikimar da ban taɓa jin irinta ba: in dai Arzika yana kira, to rabonsa ne ba ya isarsa. Sai suka je wurin mai gyartai suka zaɓo manyan ƙoƙuna. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Su giya suka shafa.

Hamma ya daɗe bai bi Mamani ba, kuma da ya bi shi da wuri da ya huta. Hannunsa ya fara rawa har ya kasa riƙe igiya. Wata rana yana magana bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi damina da rani a kan tabarma ba adadi, ana juya shi ana wanke shi. Jimrau kullum sai ya je ya tallafo kansa ya ɗura masa nasa rabon da ludayi, yana jin a ransa ba a taɓa yin aboki irinsa ba. Ranar da Hamma ya cika, Jimrau ya dawo gindin gawo shi kaɗai, ya jera ƙoƙuna huɗu a gabansa, ya shanye su ɗaya bayan ɗaya.

Haka ya zauna. Matarsa Ma'u ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta kwashe kayanta ta koma wurin danginta a Bader Goula da ɗansu Tanimu. Masu neman magini suka daina zuwa, don ba mai zura mutumin da ke tangaɗi a rijiyarsa. Furfura ba ta gama fito masa ba ya riga ya zama tsoho. Tafin ƙafarsa kullum kamar yana taka ƙaya, barci ba ya ɗaukarsa, abin da ya ci ba ya zama. Mata takan aje tulu ta juya, ita ma ta gaji da kallonsa. Yara sun daina wasa a wajen gawon. Yana zaune yana jin guga na faɗawa rijiya, yana jin matan gari na dariya, ba mai ƙarasowa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Sai ya koma hira da ƙoƙunan, ya ba Mamani labarin wanda ya yi aure, ya gaya wa Hamma kuɗin gero ya hau ko ya sauka, ya yi shiru kamar mai jiran amsa.

Mutuwa ba ta ba shi tsoro. Abin da ke hana shi sukuni ɗaya ne: in ya tafi, wa zai sha? Shi ya sha wa mutum uku, shi kuma ba shi da kowa a bayansa. Ranar da aka rufe shi za a kife ƙoƙunan nan, su huɗu su kwanta da ƙishirwa, ba mai ƙara kiran sunansu. Dole ya sami magaji kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Tanimu ya dawo Dakoro da girmansa, da matarsa da 'ya'yansa da 'yan shanunsa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai faɗin ƙirji, ba ya barin sallah, bai taɓa sa giya a baki ba. Bai yi fushi da ubansa ba. Kullum yakan kawo masa tuwo da kansa, ya gyara masa jinka, ya kama shi ya kai shi ɗaki in ƙafa ta ƙi. Jimrau ya fara zagaya masa maganar, daga baya ya fito fili. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce alkawari kaya ne, in uba ya gaza ɗa ke ɗauka. Tanimu yakan sunkuyar da kai ya ce a yi masa haƙuri, duk abin da Baba ke so zai yi banda wannan. Jimrau ya yi lallashi, ya yi zagi, ya yi gaba da tuwon har ya huce a akushi. Ba abin da ya sauya.

Sai wata la'asar Tanimu ya zo ya tarar da shi kife a ƙasa, ƙoƙo na uku ya zube, yana ta ƙoƙarin kwashe jiƙaƙƙen rairayin da yatsu yana mayarwa ciki, yana kuka yana ba Hamma haƙuri. Tanimu ya tsaya yana kallon ubansa. Ya ɗaga shi ya kaɗe masa riga, ya zaunar da shi.

"Baba, bari haka nan," in ji shi. "Na ɗauka. In Mata ta dahwa sabuwar tukunya ka kira ni, ni ka sha maku."

Jimrau ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya sa wa Tanimu albarka har muryarsa ta dushe. Ya aika wa Mata ta jiƙa gero mai kyau, ya zauna ya kankare ƙoƙunan da toka, ya gaya wa Arzika da sauran an sami mai riƙe su.

Ana cikin jiran giyar ta nuna, rijiyar gari ta ja baya, guga yana fitowa da laka. Tunda maginin garin ya zama abin da ya zama, sai aka aika Kornaka. Jimrau yana gindin gawo ya ga baƙin sun iso a ƙafa, wani tsoho da 'ya'yansa. Kan tsohon fari fat, amma tafiyarsa ta mai sauri ce. Jimrau ya ɗauka zai zauna a inuwa ya riƙa ba da umarni. Sai ya ga ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu da wani irin ƙulli, ya dafa bakin rijiya ya sauka da kansa. Ƙullin nan Jimrau ya san shi, shi ma da shi yake ɗaurawa. Mazan gari suka kama igiya, Tanimu a gaba, aka wuni ana fito da laka.

Da aka tashi daga aiki tsohon ya wanke jikinsa ya nufo gawon. Ya rusuna ya yi gaisuwa ta girmamawa, ya ce, "Sannu da hutawa, Baba. Don Allah ina gidan Jimrau magini?"

Sallau ne, wanda ya girmi Jimrau da shekarun da za su ishi yaro ya fara kiwo. Jimrau ya so ya ce Jimrau ya mutu. Amma idon Sallau ya riga ya sauka a kan ƙoƙunan, ya ƙirga su, ya dawo kan fuskar mai su. Ya zauna a ƙasa a hankali.

Daga baya Sallau ya tambayi yadda Mamani ya tafi, da yadda Hamma ya tafi, Jimrau ya ba shi labari. Sallau bai ce ai na gaya muku ba, ya dai yi musu addu'a. Wannan ya fi ƙona wa Jimrau rai, da ma faɗa ya yi masa. Sai ya ce wa Sallau shi kam ya ci riba, ya gudu ya bar zumunci, Arzika ya kira kowa ya ƙyale shi.

"Arzika bai kira kowa ba," in ji Sallau. "Mutumin da ko lokacin aikinka ya yi ba shi iya tashe ka daga kwana, sai shi sauka shi yi maka? Shi za ya jawo Mamani kabari? Ni ban manta shi ba, Jimrau. Ban taɓa sauka rijiya ban kira sunanshi ba."

Jimrau ya ce kwana dai na Allah ne, wanda nasa ya ƙare ko ruwan sanyi yake sha sai ya tafi. Sallau ya ce haka ne, ba mai musu. Amma shi Jimrau magini ne, ya san bangon da ruwa ke lasa kullum, ba ya jira sai an gaya masa ranar da zai rufta kafin ya hana mutum tsayawa a ƙarƙashinsa. Ya ce a Kornaka ma akwai masu sha, ya zauna da su ya gani. Masu taɓawa ranar biki su bari, da yawansu suna nan. Masu yin ta kullum kuwa, ko ba su mutu da wuri ba, rabin kwanansu a tabarma suke cinye shi.

Jimrau bai yarda an kayar da shi ba. Ya ɗaga kai ya ce duk da haka alkawarinsu ba zai faɗi ba, don ɗansa ya karɓa. Sallau ya tambaya wanne ne ɗan nasa. Jimrau ya nuna masa Tanimu can bakin rijiya, yana naɗe igiya a gwiwar hannu, bayansa yana sheƙi da gumi. Sallau ya daɗe yana kallonsa.

"Mamani ma haka ƙirjinshi yake," in ji shi.

Ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, ya yi sallama. Washegari suka gama yasar rijiyar suka koma Kornaka a ƙafa yadda suka zo.

Ranar da giyar ta nuna, Mata ta kawo tulun ta aje, ta kalli Tanimu da ke tahowa, ta girgiza kai ta tafi. Tanimu ya yi sallar la'asar kafin ya zo, rairayi bai gama kaɗewa daga goshinsa ba. Ya zauna inda Hamma yake zama. Bai ɗaga ido ba. Jimrau ya tsiyaya giyar da ƙyar, rabi a ƙoƙo rabi a ƙasa, ya koya masa yadda ake yi: na Arzika ake fara ɗauka, da hannu biyu, a kira sunansa sau ɗaya, a shanye ba a saukewa. Tanimu ya ce to. Ya kai hannu ya ɗauka.

Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan, giyar ta tsaya cak a cikin ƙoƙon. Jimrau ya manta rabon da ya ga an ɗauki ƙoƙon nan bai zuba ba. Ya dubi idon ɗansa ya ga fari ne tas. Ya tuna ƙaramar 'yar Tanimu da aka haifa da kaka, ko zama ba ta fara ba. Ya fara lissafin da bai taɓa yi ba. Su da suka fara, ƙoƙo ɗaya suke rabawa su uku, kuma ga inda ta kai su. Wannan zai fara da huɗu, shi kaɗai, ba abokin hira, ba ma wanda ya sani a cikin mutum ukun da zai sha wa.

Tanimu ya buɗe baki zai kira sunan.

"Aje," in ji Jimrau.

Tanimu ya tsaya da ƙoƙon a bakin leɓe, ya ɗauka ya yi kuskure a wani wuri. Ya tambaya ko ba haka ake riƙewa ba.

"Na ce ka aje. Tashi ka tahi, shanunka ba su sha ruwa ba."

"Baba, ai na yi maka alkawari."

"Na warware shi. Ni na ɗaura maka, ni na kwance. Ko bayan raina ka taɓa ƙoƙon nan ban yahe ba."

Tanimu ya aje ƙoƙon a hankali. Ya ga hawaye a fuskar tsohon, ya rasa na mene ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "To in ka tahi, wa za ya sha maka naka?"

"Ba kowa," in ji Jimrau.

Tanimu ya so ya zauna da shi, Jimrau ya kore shi da hannu, ya sake korarsa, har ya tashi. Jimrau ya bi shi da kallo yana tafiya wajen garke, tafiyar mai lafiya, yana waiwaye. Shi kansa ya san nasa ya riga ya ƙare, ƙafafun da ke gabansa sun kumbura har fata na ƙyalli, ko ya sha ko ya bari damina ba za ta same shi ba. Abin da ya yi shekaru yana tsoro ya tabbata, kuma da bakinsa ya yanke shi. Bai ji wani sauƙi ba.

Ya juya ga ƙoƙunan. Ƙudaje sun fara taruwa a bakin na Mamani, ya kore su. Ya kira Arzika, ya kira Mamani, ya kira Hamma, kamar yadda ya saba.

"Ku yi haƙuri," ya ce musu. "Ba mai zuwa bayana. In na iso sai mu yi ƙishirwar tare."